Awon maniyyi ya nuna miliyan 3: in yi allurar testosteron?

Tambaya daga wani magidanci a Tawa: "Shekara 4 da aurenmu, maiɗakina ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An yi mata ekogarafi da hoton mahaifa, an ce lafiyarta lau. Da ƙyar na yarda na je awo. Takardar ta ce: yawan ruwa mililita 2.1, ƙwayoyi miliyan 3 a kowace mililita, masu tafiya gaba 18 cikin ɗari, masu kyan siffa 2 cikin ɗari, a ƙasa an rubuta OAT. Ni kuwa ba ni da matsala wajen kwanciya. Wani mai sayar da magani ya ce in yi allurar testosteron wata uku. Shekaruna 36, ita 27. In yi? Kuma takardar tana nufin ba zan haihu ba ke nan?"

Malam, kafin komai, kada ka yi wannan allurar, ko guda ɗaya. Dalilin yana tafe. Sannan ka kwantar da hankalinka, takarda ɗaya ba ta yanke wa namiji hukunci. Lambobinka sun yi ƙasa sosai, ba za mu ɓoye maka ba, amma akwai ƙwayoyi, kuma wasunsu suna tafiya. Tsakanin "kaɗan ne" da "babu" akwai rata babba. Ka kuma yi abin da magidanta da yawa ke gudu. Cikin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, kusan rabi akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko shi da matar. Amma ita ce ake kaiwa wurin masu sassaƙe, ita ke shan jiƙo, ita ke shan gori a gidan suna.

Ka ce ba ka da matsala wajen kwanciya. Mun yarda, sai dai wannan ba shaida ba ce. Miƙewar gaba aikin jijiyoyin jini ne da na laka, ƙera ƙwayar haihuwa kuwa aikin maraina ne. Ruwan da kake gani ma, mafi yawansa ba daga maraina yake ba. Kusan kashi biyu cikin uku daga wasu jakunkuna biyu ne da ke bayan mafitsara, kusan kwata daga furostat, wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara, su ƙwayoyin kansu ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Shi ya sa namijin da ba shi da ƙwaya ko ɗaya ke fitar da ruwa fari mai kauri daidai da na mai ƴaƴa goma. Zancen da ake yi a fada cewa "maniyyin wane ya tsinke" ba shi da tushe. Kowane maniyyi da kauri yake fita, sinadaran furostat su narkar da shi cikin minti 15 zuwa 60. Wanda ya ƙi narkewa shi ne ma ake rubutawa a matsayin matsala.

To mu duba takardar. Ma'aunin da dakunan awo ke bi na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, OMS, bugun 2021. An same shi ne daga awon maza sama da 3,500 waɗanda matansu suka yi ciki cikin shekara ɗaya, aka ɗauki iyakar da kashi 95 cikin ɗari nasu suka wuce: ruwa mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a mililita, miliyan 39 a jimillar abin da aka fitar, masu tafiya gaba 30 cikin ɗari, masu rai 54, masu kyan siffa 4. Idan takardarka ta nuna miliyan 15 da 32 cikin ɗari a matsayin iyaka, da bugun 2010 suke aiki, bambancin ba shi da yawa. Abin lura shi ne, cikin kowane ashirin na waɗancan mazan, ɗaya yana ƙasa da layin, kuma ya haihu. Layin ba katanga ba ce. OAT kuwa taƙaitawa ce ta kalmomi uku: ƙarancin yawa, raunin tafiya, da munin siffa.

Lambar da ta fi amfani ba a rubuta ta a yawancin takardu, kai ne za ka lissafa. Ninka 2.1 da miliyan 3, ka samu miliyan 6.3. Ɗauki kashi 18 cikin ɗari na wannan, ka samu miliyan 1.1 da ƴan kai. Waɗannan su ne masu iya tafiyar. Da irin wannan adadi ciki yana iya shiga da kansa, sai dai damar kowane wata ƙarama ce. Kashi 2 na siffa kuwa, kada ya hana ka barci. Ko a wurin mai ƴaƴa, ƙwayoyi 90 da wani abu cikin ɗari ba sa cin jarabawar siffa, don ma'aunin yana da tsauri, kuma shi ne awon da ya fi bambanta daga idon wannan ma'aikaci zuwa na wancan.

Abin da ya sa muke cewa takarda ɗaya ba hukunci ba ce yana cikin yadda ake ƙera ƙwayar. A cikin kowane maraini akwai siraran bututai a nannaɗe kamar zare a ƙwarya. Jikin bangonsu akwai ƙwayoyin asali masu kuromozom 46, wato ƙunsoshin da ke ɗauke da gadon halitta, kamar sauran ƙwayoyin jiki. Suna rabuwa su yawaita, sannan su shiga wata rabuwa ta musamman, meyoz, inda kuromozom ɗin da mutum ya gada daga uwa da waɗanda ya gada daga uba ke haɗuwa biyu-biyu, su yi musayar yanki, a raba su rabi. Ƙwaya ɗaya ta ba da huɗu, kowace da kuromozom 23. A lokacin nan ƙwayar zagaye take, ba kai ba wutsiya. Sai a shiga sassaƙa. A cire sinadaran da ADN, zaren gadon da ke cikin kuromozom, ke nannaɗe a kansu, a sa wasu da ake kira furotamin, waɗanda ke matse shi tam har ya shiga kai mai tsawon mikiron 4 zuwa 5, mikiron dubu ne milimita ɗaya. A ɗora wa kan hula mai sinadarin huda ɓawon ƙwai, akrozom. A jera mitokondiriya, masu ba da ƙarfi, a wuya. A fitar da wutsiya mai igiyoyi tara biyu-biyu kewaye da biyu a tsakiya. A zubar da sauran ruwan jikin ƙwayar kusan duka. Abin da ya fito tsawonsa mikiron 50 zuwa 60, sai an jera kusan ashirin kafin a cika milimita ɗaya. Duk wannan aikin a jikin wasu manyan ƙwayoyi ake yinsa, na Sertoli, waɗanda ke goyon ƙananan suna ciyar da su, suna kuma tsare su daga garkuwar jiki.

Daga farko zuwa ƙarshe kwana 74 ne ko kusa da haka. Bayan nan ƙwayar ta bi ta epididim, wani bututu mai tsawon mita 6 da aka cusa a bayan maraini, ta yi kwanaki har zuwa kusan mako biyu, a nan take samun ikon tafiya. Ke nan abin da aka gani a madubin awo ranar da ka je, tun wata biyu da rabi ko uku da suka wuce aka aza harsashinsa. Ka tuna baya. Idan a wannan tsakanin ka yi masassara mai zafi, kamar ta cizon sauro da ke kwantar da mutane daga Agusta zuwa Oktoba, ita kaɗai tana iya zubar da yawa da tafiya gaba ɗaya, su dawo bayan wata uku. Mutum ya yi palu a Satumba, ya yi awo a Nuwamba, an ba shi takardar da ba ta nuna ainihin halinsa ba.

Don haka dole a sake awon. Tunda naka ya yi ƙasa sosai, ka sake bayan mako 4 domin kada a ɓata lokaci, sannan a yi wani bayan wata uku. Kuma yadda ake bayarwa yana canza sakamako fiye da yadda mutane ke zato. Ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, uku ko huɗu sun fi. Tara shi mako biyu ba ya ƙara komai sai tsofaffin ƙwayoyi marasa motsi. A kwalbar da ɗakin awo ya ba ka za ka zuba, ba wadda aka wanke a gida ba, domin ruwa da sabulu suna kashe ƙwayoyin, haka ma yawu da man shafawa. Kororon roba na kasuwa bai yi ba, azalu ma bai yi ba. Fitar farko ita ce ke ɗauke da mafi yawan ƙwayoyin, in ta zube a waje ka faɗa wa ma'aikacin, kada kunya ta sa ka yi shiru a rubuta maka ƙarancin da ba naka ba. Mafi kyau a bayar a can ɗakin awon. In a gida ne, ya isa cikin minti 30, kada ya wuce awa ɗaya, a cikin aljihu kusa da jiki. Ba a sa shi a firiji, ba a kuma barinsa a akwatin babur cikin ranar Afrilu. Ɗauko shi daga Tawa zuwa Yamai, tafiyar da ta wuce kilomita 500, ba ya yiwuwa, mutum ne ke zuwa da kansa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hanyar bayarwar ba, ya tambayi malami a kan hukuncin lalurar magani, ya kuma tambayi ɗakin awon ko suna da kororo na musamman mara guba da ake amfani da shi tare da iyali.

Yanzu allurar. Wanda ya ba ka shawarar ya yi lissafi mai sauƙi: testosteron sinadarin maza ne, ƙwayar maniyyi ta maza ce, a ƙara wannan a samu wancan. Jiki kuwa akasin haka yake yi. Ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata ƴar tsoka girman ƙwayar wake, ipofiz, wadda ke aika homon biyu, wato sinadaran saƙo, LH da FSH, zuwa maraina. LH yana sa ƙwayoyin Leydig, da ke tsakanin bututan nan, su yi testosteron. FSH yana tayar da ƙwayoyin Sertoli. Testosteron ɗin da ke cikin maraini ya ninka na cikin jini sau 50 zuwa 100, kuma wannan tarin na cikin gida shi ne ƙera ƙwaya ke buƙata. Da ka yi allura, na jini ya hau, ƙwaƙwalwa ta ga ya wadatu, ta rufe LH da FSH. Ƙwayoyin Leydig su daina aiki, na cikin maraini ya faɗi warwas, kuma allurar ba ta iya cike gurbin. Mutum yana jin ƙarfi da sha'awa, yana murna magani ya karɓe shi, alhali maƙerar ta tsaya.

Ba hasashe ba ne. OMS da kanta ta gwada allurar testosteron ta mako-mako a matsayin maganin tsarin iyali na maza, sakamakon ya fito a 1990: cikin wata shida kusan kashi biyu cikin uku na mazan, lafiyayyu masu ƴaƴa, ba a ga ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsu ba. Bayan an daina, yawancinsu sukan farfaɗo cikin wata 6 zuwa 12, wasu sai shekara biyu. Wanda ya fara da miliyan 3 ba shi da tabbacin zai dawo inda yake. Ko da wane suna ya zo a kwali, Androtardyl, Sustanon, Nebido, ko na shafawa, ko allurar da masu ɗaga ƙarfe ke yi, hukuncin ɗaya ne ga mai neman haihuwa. Abin takaici ne yadda ake sayar da shi kan tebur ba takardar likita.

Taramol ma ta wannan ƙofar yake ɓarna, yana danne saƙon ƙwaƙwalwa, LH da testosteron su sauka. Ƴan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi na shansa don gajiya, wasu don jinkirta kawowa. In kana sha, ka faɗa wa likita gaskiya, kuma a hankali ake rage shi, ba a yankewa rana ɗaya. Taba da shisha da wiwi duk suna cikin jerin. Haɗe-haɗen "ƙarfin maza" da ake talla a kasuwa da tasha, ba ka san abin da ke ciki ba, ka bar su.

Sai abin da ya kamata likitan mafitsara, irolog, ya nema. Ba a gane dalili daga takarda, sai an duba mutum a tsaye, an taɓa. Ana auna girman maraina, lafiyayye yakan kai mililita 15 ko fiye, kuma tunda bututan ƙera ƙwaya su ne mafi yawan jikinsa, ƙanƙancewa alama ce ta raguwar aiki. Ana laluben igiyar maniyyi a kowane gefe. Sannan a ce ka yi nishi, a ji ko jijiyoyin da ke saman maraini sun kumbura kamar tsutsotsi a jaka. Wannan shi ne barikosel, kusan kullum a hagu. Yana jikin kimanin kashi 15 cikin ɗari na maza duka, amma cikin waɗanda ba su taɓa haihuwa ba suka zo asibiti yakan kai 35 zuwa 40. Maraina an rataye su a waje ne domin suna son sanyin da ya gaza na jiki da digiri 2 zuwa 4, kuma jinin da ke komawa sama shi ke sanyaya wanda ke saukowa, don jijiyoyin a manne suke. In jini ya taru ya tsaya, wurin ya ɗumame. Meyoz ba ta jure zafi, ƙwayoyi su mutu a tsakiyar rabuwa, waɗanda suka tsira su fito da rauni ta kowane gefe. OAT irin taka ita ce hoton da aka saba gani. Barikosel da hannu ke ji, tare da awo mara kyau, ana ɗaure jijiyoyin da ƙaramin aiki, kusan biyu cikin uku awonsu yakan gyaru bayan wata 3 zuwa 6. Wanda ekogarafi kaɗai ya gani, hannu bai ji ba, ba a yi masa aiki. A Yamai akwai sashen irolojiya a babban asibitin Lamorde, likitanka na Tawa yana iya rubuta maka takardar zuwa.

Za a tambaye ka tarihi, ka shirya amsa. Ko an haife ka da maraini ɗaya bai sauko ba. Ko ka yi hangum bayan ka balaga har ya sauka ƙasa. Ko an yi maka aikin ƙaba ko gwaiwa. Ko kana da sikila ko ciwon suga. Ko ka taɓa ciwon sanyi, mai fitar da mugunya ko mai shiru, domin dukansu suna barin tabo a epididim, bututun da faɗin raminsa bai kai rabin milimita ba. Aikinka ma: direban dogon zango, maƙeri, mai gashin burodi ko nama, duk suna zama da zafi. Manomin albasa a Galmi ko Ƙonni da ke feshi ba safar hannu ba takunkumi ya sani cewa an taɓa kama wani maganin ƙwari, DBCP, a 1977 a Amurka, ya bar ma'aikatan masana'antarsa ba ƙwaya.

Tsargiya tana son a tsaya a kanta, don ita ce ake mantawa. Duk wanda ya taso yana wanka a tabki, ko madatsar ruwa, ko magudanan noman rani, ko bakin kogin Kwara, har ya taɓa fitsarin jini yana yaro, ƙwan tsutsar ba a mafitsara kaɗai suke maƙalewa ba. Suna shiga jakunkunan maniyyi da furostat, su jawo kumburi, wani lokaci jini a maniyyi, da yawan fararen ƙwayoyin jini. Ka duba layin lekosit, wato fararen ƙwayoyin jinin, a takardarka, in ya wuce miliyan 1 a mililita akwai kumburi. Fararen ƙwayoyin nan suna fesa wani nau'in iskar oksijen mai ƙuna domin kashe cuta, ita kuwa ƙwayar maniyyi, da ta zubar da ruwan jikinta wajen sassaƙa, ba ta da abin kare kanta. Fatarta ta lalace, wutsiya ta yi sanyi, ADN ya kakkarye. Awon fitsari na tsakar rana yana nuna ƙwan, maganin kuma furazikantel ne, miligiram 40 kan kowane kilo. In an samu wata ƙwayar cuta daban, kai da maiɗakinka za a yi wa magani tare. Shan antibiyotik wata da watanni ba tare da an ga cuta ba, da sunan "sanyi", ɓarnar kuɗi ce da ta jiki.

Ƙwayar maniyyi ba ta iya gyara karayar ADN ɗinta. Ƙwan mace ne ke gyarawa bayan sun haɗu, kuma ƙwan mace mai ƙuruciya ya fi iya wannan aikin. Shekara 27 na maiɗakinka babban jari ne a hannunku. Akwai awon karayar ADN, amma ba da shi ake farawa ba, an fi nemansa in ana yawan ɓari. Ƙwayoyin bitamin masu tsada da ake rubutawa don wannan, wani gwaji da aka yi a Amurka, wanda ya fito a 2020, bai ga sun ƙara haihuwa ba. Barin taba da magance kumburi sun fi su.

Awon jini kuwa, FSH da testosteron ne, da safe kafin ƙarfe 10, in da hali a haɗa da LH da wani homon na ipofiz, furolaktin. FSH a sama, maraina ƙanana: ƙwaƙwalwa tana ta kira, maƙerar ce ta gaza. FSH daidai, maraina cikakku, ƙwayoyi kaɗan: a yi zargin toshewar hanya. FSH da LH da testosteron duk a ƙasa, shi kuma testosteron ƙasa da nanogiram 3 a mililita: saƙon ne ba ya zuwa. Wannan na ƙarshen bai cika yawa ba, amma shi ne ya fi jin magani, allurar hCG, homon da ke aiki irin na LH, sau biyu ko uku a mako, a ƙara FSH in an buƙata, watanni ko fiye da shekara. Ka ga bambancinta da waccan: hCG tana sa maraini ya yi nasa testosteron ɗin a cikin gida.

Idan awo na biyu ya tabbatar da ƙasa da miliyan 5, kuma FSH ya hau ko maraina sun ƙanƙance, a nan ake duba gado. Awon kariyotip yana ƙirga kuromozom. Kusan namiji ɗaya cikin 600 yana da kuromozom X biyu da Y ɗaya maimakon X ɗaya da Y ɗaya na sauran maza, jimilla 47, ciwon Klinefelter, da yawansu ba su sani ba sai ranar neman haihuwa, kodayake su galibi ba a ganin ƙwaya ko ɗaya a wurinsu. Wani kuma kuromozom ɗinsa biyu ne suka manne ko suka yi musayar yanki. Shi lafiyarsa ƙalau, amma wajen meyoz rabon ba ya daidaita, sai ƙarancin ƙwaya da yawan ɓari. Awo na biyu shi ne na kuromozom Y. Tun 1976 wasu masana biyu a Italiya, Tiepolo da Zuffardi, suka lura cewa wasu mazan marasa ƙwaya sun rasa wani yanki na doguwar ƙafar Y. A 1996 aka raba wurin uku, AZFa, AZFb da AZFc. Wanda AZFa ko AZFb ya ɓace masa gaba ɗaya, ko an buɗe maraini ba a samun komai, awon ya hutar da shi daga aikin banza. Mai ɓacewar AZFc yakan sami ƴan ƙwayoyi, an fi ganinsa a masu miliyan 1 zuwa ƙasa, yana iya haihuwa da taimako, amma duk ɗansa namiji zai gaji wannan Y ɗin. Ya kamata ya sani kafin ya shiga. Irin waɗannan awon sau da yawa jini ake ɗiba a aika waje.

A gidajen da auren zumunci ya yi yawa akwai wasu nau'o'i da sai mutum ya gaji kwafi biyu. Lalacewar ƙwayar gado AURKC, wadda aka gano a 2007 cikin mutanen Arewacin Afirka, tana ba da ƙwayoyi masu ƙaton kai da wutsiya da yawa. Ta DPY19L2 tana ba da masu zagayen kai marasa hula. Alamarsu ita ce kusan duk ƙwayoyin su zo da aibi iri ɗaya. In naka aibin gauraye ne, ba nan hankali zai tafi ba.

Me ya sa sai miliyoyi, alhali ɗaya ake so? Domin hanyar tana cinye su. Tsamin farji ya kashe wasu, majinar bakin mahaifa ta tace marasa tafiya, daga cikin miliyoyin da suka shiga ƴan ɗaruruwa ne ke isa bututun da ƙwai yake. Waɗanda suka isa ma sai sun yi awoyi a jikin mace kafin su iya shiga ƙwai, abin da masana biyu, Austin da Chang, suka gano kowa daban a 1951. Kusa da ƙwai, wani homon na mace, furojesteron, yana buɗe wata ƙofa a wutsiya, CatSper, kalsiyom ya shiga, bugun wutsiya ya koma kamar bulala. Hula ta fashe, a huda ɓawo. Wani sinadari a kan ƙwayar namiji, Izumo, wanda aka gano a Japan a 2005, ya kama abokinsa a fatar ƙwai, Juno, wanda aka gano a Ingila a 2014. Da sun haɗe, ƙwayar namiji ta saki wani sinadarin da ke tayar da igiyoyin kalsiyom a cikin ƙwai, ƙwai ya farka, ya rufe ƙofa ga sauran. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi. Mace ko namiji, daga ƙwayar uba ne.

Hanyoyin taimako suna tsallake wani sashe ne na wannan tafiyar. Mafi sauƙi ita ce a wanke maniyyi, a tace masu ƙarfi, a zuba su cikin mahaifa ranar fitar ƙwai. Tana son aƙalla miliyan 1 masu tafiya bayan wankin, kai kuwa da miliyan 1.1 za ka shiga wankin, don haka a lambobinka na yanzu ba ma ganin ta cancanci kuɗinka. In barikosel ko kumburi ya gyaru lamba ta hau, sai a sake lissafi. Haɗawa a kwano, wadda aka fara haihuwa da ita a Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, ita ma tana son dubban ƙwayoyi ga kowane ƙwai. Wadda ta sauya wa irinka lissafi ita ce ICSI, da aka fara a Brussels ta Beljiyam a 1992: ƙwaya ɗaya ake ɗauka da siririyar allurar gilashi, a sa ta cikin ƙwai. Wahalar kuwa a kan matar take. Allura kullum kwana 10 zuwa 12, a ɗebo ƙwai awa 34 zuwa 36 bayan allurar ƙarshe, kimanin bakwai cikin goma na nunannun su karɓa, a rene su kwana 3 zuwa 5, a mayar da ɗaya ko biyu. Kwana uku na farko da guzurin ƙwai ake tafiya, daga nan ne ADN ɗin uba ke shiga aiki sosai, shi ya sa raunin namiji yakan bayyana a kwana na huɗu da na biyar. Ga mace ƴar ƙasa da 35, kusan ɗaya cikin uku na gwaji ke kaiwa ga haihuwa, kuɗin kuma miliyoyin sefa ne. Duk wanda ya ce maka tabbas ne, ka riƙe kuɗinka. Ta fuskar addini, tun 1980 Muftin Masar ya ba da fatawar halaccinta muddin maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa, auren kuma yana nan. Shigo da na wani shi ne aka hana.

Wanda ƙwayoyinsa suka yi ƙasa haka, musamman in ana gani suna raguwa daga awo zuwa awo, yana da kyau ya tambayi cibiyar da zai je a daskarar masa da wasu. Ana ajiye su cikin ruwan azot, wata iska da aka sanyaya ta koma ruwa, a digiri 196 ƙasa da sifili, shekaru ba sa canza su.

Kafin duk wannan, wata uku masu zuwa na bincike ne, kuma ba a dakatar da nema a cikinsu. Ƙwayar namiji tana rayuwa har kwana 5 a jikin mace, ƙwai kuwa awa 12 zuwa 24 kawai, don haka kwanakin da suka gabaci fitar ƙwai su ne masu amfani. In al'adarta ta kwana 28 ce, daga kwana na 10 zuwa na 16 ku kusanci juna kullum ko bayan kwana ɗaya, a ƙirga daga ranar da jini ya fara. Ƙarin aure ba zai canza lambar da ke takardar nan ba. Maiɗakinka kuma, tunda an ce lafiyarta lau, kada a ba ta ƙwayoyin tayar da ƙwai irin su kulomifen, a daina matsi da jiƙo, don suna iya jawo mata ciwon da ba ta da shi. Ka nuna mata takardar. Ranar ganin likita ku je tare, da takardunta da naka, da kwalin duk wani magani da ka sha ko aka yi maka allurarsa cikin wata shida da suka wuce.